Sababbin Magunguna da Aikin Masu Gyaran Fata

Jawabin kimiyya na wannan mako ya shafi fatar ɗan Adam, da abin da kan same ta sa'ad da maganin da likita ya bayar ya gamu da aikin masu gyaran jiki. Za a ɗauki misali daga wata unguwa ta Riyad, babban birnin ƙasar Sa'udiyya, amma masu sauraro na Kano da Katsina da Maraɗi za su ga maganar ba ta yi nisa da ƙofar gidansu ba.

Sunan unguwar Malaz. A zamanin Sarki Sa'ud, wanda ya hau gadon sarauta cikin 1953, aka ƙaurar da ma'aikatun gwamnati daga yammacin ƙasar zuwa Riyad. Da aka rasa inda za a saukar da ma'aikata, sai aka yanki fili a arewa maso gabas da tsohon gari, aka shata tituna miƙaƙƙu, aka gina gidaje 754 da waɗansu benaye uku masu ɗakuna na haya. Mutane suka riƙa kiran wurin Sabuwar Riyad. A nan ne Jami'ar Sarki Sa'ud ta fara zama bayan an kafa ta cikin 1957, kafin ta ƙaura zuwa babban mazauninta. Yau Malaz ta zama ɗaya daga cikin tsofaffin unguwanni, cike da mutanen ƙasashe dabam dabam. Wanda ya bi titunanta zai ga kantin magani, ya ga asibitin fata, ya kuma ga shagon gyaran jikin mata, wanda Larabawan can ke kira mashgal. Mace ɗaya ta kan shiga duka ukun a cikin mako guda, alhali kuwa wanda ke aiki a ɗaya bai san abin da aka yi mata a ɗayan ba. Daga nan matsalar ta ke tasowa.

MISALIN WATA AMARYA

A ɗauki misalin wata budurwa da aka sa wa ranar aure. Ƙurajen fuska sun daɗe suna damunta, likita ya rubuta mata wata ƙwaya, ta sha har mako shida, fuska ta soma yin kyau. Da biki ya matso sai ta tafi mashgal ɗin da ta saba zuwa, domin a cire mata gashin hannu da na saman leɓe da halawa, watau sukari da lemon tsami da a ke dafawa su yi danƙo, a manna a fata a fizge. Matar da ta saba yi mata ce ta yi, halawar ma irin ta kullum ce. Amma da aka fizge, sai gashi ya fito tare da fatar sama, wurin ya yi ja yana tsattsafo da ruwa kamar ƙuna. Bayan mako biyu ciwo ya warke, ya bar baƙin tabo a saman leɓe, ga biki saura kwana goma.

Mai gyaran ba ta yi kuskure a aikin hannunta ba, likitan kuma bai ba da maganin da bai dace ba. Fatar ce ta sāke hali, ba wanda ya tambaya, ba wanda ya faɗa. Domin a gane yadda haka ke faruwa, sai an san ginin fata tukuna.

GININ FATA

Fata hawa biyu ce. Hawan sama siriri ne ƙwarai, a fuska kaurinsa bai fi na takardar rubutu ba. Kullum sababbin ƙwayoyin halitta suna tsirowa daga gindinsa, suna hawowa sama, su mutu, su bushe, su zama wani ɓawo da ke tsare jiki daga ƙura da cuta, ya kuma hana ruwan jiki ƙafewa. Wannan tafiya daga gindi zuwa sama ta kan ɗauki kimanin mako huɗu. A gindin hawan sama ɗin nan ne kuma a ke yin melanin, abin da ke ba fata launinta.

Hawan ƙasa ya fi kauri. A cikinsa a ke samun jijiyoyin jini, da saiwoyin gashi, da waɗansu zaruruwa masu ƙarfi da a ke kira kolajin, waɗanda ke riƙe fata kamar yadda zaren tsaye ke riƙe saƙa. Kusa da saiwar kowane gashi akwai ɗan buhu mai fitar da maiƙo, shi ke sa fata taushi.

To, kusan dukan aikin masu gyaran fata rauni ne da a ke yi da awo. Halawa ta kan fizge gashi ta tafi da ɗan ɓawon sama. Dilka da wankan da a ke kira na Maroko su kan goge ɓawon. Ruwan magani mai tsami da likitoci ke shafawa ya kan ci hawan sama domin fata ta yi saɓa, sabuwa ta fito. Na'urar haske mai suna lesa ƙuna ta ke yi, ta ƙone saiwar gashi ko tabo. Mai aikin ya dogara ne ga sanin da ya yi wa fata: ya san iyakar abin da za ta jure, ya san kwana nawa za ta yi ta warke. Idan magani ya sāke kaurin fata, ko saurin warkewarta, ko yadda ta ke karɓar haske, awon da mai aikin ya saba da shi ya tashi daga aiki, shi kuwa bai sani ba.

ƘWAYAR ƘURAJEN FUSKA

Ƙwayar da amaryar nan ta sha ita ce isotretinoin. Za a riƙa faɗin sunayen magunguna kamar yadda a ke rubuta su a jikin kwali, domin mai sauraro ya gane su in ya gani. Wannan magani dangin bitamin A ne. Cikin 1979 wani likitan Amurka mai suna Gary Peck da abokan aikinsa suka ba da labarin yadda ya warkar da ƙuraje masu tsanani waɗanda suka gagari sauran magunguna. Cikin 1982 aka yarda a sayar da shi a Amurka da sunan Accutane, a ƙasashe da yawa kuma an san shi da sunan Roaccutane. Har yanzu babu maganin ƙuraje da ya kai shi ƙarfi.

Aikinsa shi ne ya ƙanƙantar da buhunan maiƙon nan, har maiƙon da su ke fitarwa ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Ƙuraje su kan mutu, amma fata ta bushe, leɓe ya tsage, ɓawon sama ya zama siriri mai saurin ɓallewa. A gari kamar Riyad, inda zafin bazara ke wuce awo 40 a ma'aunin Salsiyas, iska kuma busasshiya ce kamar ta hunturun ƙasar Hausa, bushewar ta kan fi tsanani. Saboda haka takardar da ke cikin kwalin maganin ta hana cire gashi da kaki ko halawa muddin ana shansa, har wata shida bayan an daina. Ɗan'uwansa na shafawa, tretinoin, wanda aka fara sayarwa cikin 1971, da adapalene da retinol da ke cikin mayukan gyaran fuska da yawa, su ma su kan sa fata ta ɓalle a wurin da a ke shafa su, ko da ya ke nasu ya fi sauƙi, kuma likitoci kan ce a dakatar da su kwanaki kaɗan kafin a yi gyara.

Akwai wani labari game da wannan magani wanda ke nuna yadda ilmi ke tafiya. A tsakiyar shekarun 1980 likitoci suka buga ƙananan rahotanni uku na waɗansu mutane ƙalilan masu shan isotretinoin, waɗanda aka kankare musu fuska da inji ko aka ƙona da lesar wancan zamani, sai ciwon ya ƙi warkewa da wuri, ko ya bar tabo mai tudu. An sami dalilin da ya shiga hankali. Idan an kankare hawan sama duka, sabuwar fata daga saiwoyin gashi da buhunan maiƙo ta ke tsirowa, kamar yadda ciyawa ke tohowa daga saiwa bayan gobarar daji. Maganin da ya ƙanƙantar da buhunan, in ji su, ya raunana saiwar ke nan. Daga nan aka kafa doka cewa kada a taɓa fatar mai shan maganin da kowane irin aiki sai bayan wata shida ko shekara guda.

Dokar nan ta yi shekara talatin ana binta. Cikin 2017 wata ƙungiyar likitocin fata ta tattara abin da aka rubuta a kan batun, rahotanni 32 da suka ƙunshi ayyuka 1,485, ta buga sakamakon a mujallar JAMA Dermatology. Suka ga babu isasshiyar hujja ta jinkirta ayyuka marasa zurfi, irin su cire gashi da lesa, da saɓar fata ta sama sama, da lesar zamani mai huda 'yan ƙananan ramuka ta bar lafiyayyar fata a tsakaninsu. Amma suka ce kankare fuska da inji, da lesar da ke ƙone hawan sama gaba ɗaya, a ci gaba da guje musu. Halawa da kaki kuwa hanin da aka yi musu yana nan, domin fizga su ke yi, fatar da ta yi siriri kuwa ba ta jure fizga.

Abin lura a nan shi ne, sassaucin da aka samu na likita ne wanda ya san yawan maganin da mara lafiya ke sha, ya kuma san ƙarfin na'urarsa. Bai zama izni ga kowa ya yi yadda ya ga dama ba. Akwai kuma dokar da ba ta sassauta ba ko kaɗan: isotretinoin yana lalata halittar jariri a ciki. Mace ba ta shansa da juna biyu, ba ta kuma ɗaukar ciki sai bayan wata guda da dainawa. Amaryar da ke shansa wajibi ne likitanta ya san ranar aurenta.

MAGUNGUNA MASU JAWO ƘUNAR HASKE

Kashi na biyu su ne magungunan da ke sa fata ta kasa jure haske. A cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, masana suna kiransa UVA. Waɗansu magunguna, bayan sun bi jini sun iso fata, su kan sha wannan haske, sa'an nan su saki ƙarfinsa a kan ƙwayoyin halittar da ke kewaye da su. Cikin 'yan sa'o'i sai wurin da rana ta taɓa ya yi zafi ya kumbura, wani lokaci har ya yi bororo, wurin da tufa ta rufe kuwa lafiya lau. UVA yana ratsa gilashi, saboda haka zama cikin mota bai tsare mutum ba.

Mafi shahara a cikinsu shi ne doxycycline, wanda ya fito cikin 1967, ana kuwa ba da shi ƙwarai domin ƙurajen fuska, watau ga ainihin mutanen da suka fi zuwa wurin masu gyara. Akwai ciprofloxacin da danginsa, da hydrochlorothiazide na hawan jini, da amiodarone na ciwon zuciya. Cikin na baya bayan nan akwai voriconazole, wanda ya fito cikin 2002, da vemurafenib na sankarar fata, wanda ya fito cikin 2011, shi kuwa ɗan tsayawa kaɗan a rana ya isa ya ƙona mai shansa.

Sai a tambaya, shin lesa ma za ta ƙona mai shan irin waɗannan? Masana suna auna haske da wani ɗan mitsitsin awo mai suna nanomita. UVA yana tsakanin 320 da 400. Lesar cire gashi kuwa tana aiki a 755, ko 810, ko 1064, watau nesa da inda magungunan nan suka fi shan haske. Saboda haka haɗarin da ke cikin lesar kanta bai kai yadda aka daɗe ana tsoro ba. Babban haɗarin yana bakin ƙofa. Wadda aka yi wa saɓar fata ko lesa ta fito da fata sabuwa marar ɓawo, ga magani a jininta, ga ranar Riyad a tsaye. Ƙunar da ba a samu a kan gadon asibiti ba sai a same ta a hanyar komawa gida.

Akwai kuma tsohon magani da ya yi karo da sabuwar na'ura. Tun 1929 wani likitan Faransa, Jacques Forestier, ya fara yi wa masu ciwon gaɓoɓi allurar gishirin zinariya. Zinariyar ba ta barin jiki duka, ta kan kwanta a fata shekara da shekaru. Cikin 1995 aka ba da labarin wanda aka haska wa wata irin lesa mai bugu da sauri, sai wurin ya rikiɗe ya zama shuɗi mai duhu, domin hasken ya sāke siffar ƙwayoyin zinariyar. An sāke ganin haka ga waɗansu da suka daina allurar da daɗewa, launin kuwa yana da wuyar fita. Wannan ya koya wa likitoci su tambayi maganin da mutum ya taɓa sha a dā, ba na yau kaɗai ba.

BAƘAR FATA DA MAN BILICIN

Duk abin da aka faɗa ya fi nauyi ga mai duhun fata. Cikin 1975 wani likita na Jami'ar Harvard, Thomas Fitzpatrick, ya fara kasa fatar mutane bisa ga yadda ta ke karɓar rana, daga baya kashin ya cika shida. Yawancin Larabawa suna tsakiya, yawancin Hausawa suna kashi na biyar da na shida. Fatar da ke da melanin da yawa tana da kariya daga rana, amma tana da wani hali: duk inda ta ji ciwo ko ta kumbura, sai ta ƙara zuba launi a wurin. Abin da zai zama ja na kwana uku a fuskar Bature ya kan zama baƙin tabo na wata shida ko fiye a fuskar Bahaushiya. Ita lesar cire gashi ma melanin ta ke nema a cikin gashi, in ta tarar da shi da yawa a fata sai ta ƙone fatar. Shi ya sa likitoci suka fi zaɓar mai awo 1064 ga baƙar fata, domin ta fi wucewa ciki ba tare da ta tsaya a sama ba.

A nan ne maganar man bilicin ta shigo, domin magani ne ko da masu shafa shi ba su ɗauke shi magani ba. Wani bincike da likitan fata Khalid AlGhamdi na Jami'ar Sarki Sa'ud ya buga cikin 2010 ya nuna kusan kashi 39 cikin 100 na matan da aka tambaya, su wajen 500, suna shafa man ƙara hasken fata. A Sa'udiyya ana kiran mayukan da a ke gaurayawa a sayar ba suna khalta, a ƙasar Hausa kuwa haɗi. Sau da yawa a cikinsu akwai clobetasol ko betamethasone, magunguna masu ƙarfi na dangin kotizon, waɗanda aka yi domin a shafa na ɗan lokaci a kan cutar fata bisa ga umurnin likita. In an daɗe ana shafa su, su kan hana fata yin kolajin. Sai ta yi siriri har a riƙa ganin jijiyoyi, nankarwa ta fito, ciwo ya ƙi warkewa, ƙwayoyin cuta su sami hanya. Irin wannan fata ko dilka mai ƙarfi ta kan yage ta, balle ruwan saɓa.

Akwai kuma hydroquinone. Cikin 1975 likitocin Afirka ta Kudu suka bayyana cewa daɗewa ana shafa shi ya kan jawo wani baƙi mai shuɗi shuɗi a kumatu da goshi, wanda ke zaune a hawan ƙasa. Mai shi ta kan ɗauka mai ne bai isa ba, ta ƙara shafawa, abin ya ƙaru. In ta je wurin gyara ta ɓoye abin da ta ke shafawa, za a yi mata aikin tabon sama, alhali ciwon yana ƙasa. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana sa shi cikin kayan kwalliya tun 2001.

JINI DA DAKARUN JIKI

Kashi na gaba za a taƙaita shi. Masu ciwon zuciya da waɗanda jininsu ke daskarewa a jijiya ana ba su maganin tsinka jini, irin su aspirin da warfarin, da sababbi kamar rivaroxaban wanda ya fito cikin 2008, da apixaban. Duk aikin da ke huda fata, ko allurar ciko da a ke yi a kumatu da leɓe, ko na'ura mai ƙananan allurai, ko ƙaho wanda Larabawa ke kira hijama, zai fi zubar da jini ya kuma bar kwanciyar jini ga mai shan su. Wanzamin ƙauye da likitan birni duka wannan ya shafe su. Amma fa kada wani ya daina shan maganin da kansa domin a yi masa gyara. Kwanciyar jini a kumatu ta kan baje cikin mako biyu, gudan jini a ƙwaƙwalwa kuwa shanyewar ɓarin jiki ya ke kawowa. Hausawa sun ce garin neman gira a kan rasa ido.

Sai magungunan da ke taɓa dakarun jiki, watau ƙwayoyin da ke yaƙi da cuta. Abin da a ke cusawa a allurar ciko baƙo ne a jiki, dakarun kan ƙyale shi muddin suna kwance. In wani abu ya tashe su, su kan far masa. Cikin Disamba 2020, da hukumar magunguna ta Amurka ta duba gwajin allurar rigakafin korona ta kamfanin Moderna, an sami mutum 3 cikin kimanin 15,000 da aka yi wa allurar waɗanda fuska ko leɓe ya kumbura musu a wurin da aka taɓa yi musu ciko. Dukansu sun warke, likitoci kuma ba su ce kowa ya ƙi rigakafi saboda haka ba. Shawarar da suka bayar ita ce a bar 'yan makonni tsakanin rigakafi da ciko. An kuma ga sababbin magungunan sankara masu zuga dakarun jiki, irin su nivolumab da pembrolizumab da suka fito cikin 2014, sun tayar da ƙulluttai a wurin cikon da aka yi shekaru da suka wuce.

Wani maganin sankara, cetuximab, wanda ya fito cikin 2004, da danginsa, su kan fesar wa yawancin masu karɓarsu da ƙuraje a fuska da ƙirji cikin makonnin farko. A ido kamar ƙurajen balaga su ke, amma asalinsu dabam ne. Matsa su, ko goge su, ko shafa musu maganin busar da ƙuraje, ƙara musu tsanani ya ke yi. Likitan da ya ba da maganin shi ne zai duba su.

BAƘIN LALLE

Lalle na ganye, wanda ke ba da ja, ba safai ya ke cutar da kowa ba. Baƙin lalle na zanen fulawa kuwa, wanda amaren Riyad da na Kano duka ke so, sau da yawa ana gauraya shi da sinadarin rinin gashi mai suna PPD domin ya yi baƙi ya kuma kama da wuri. Jikin waɗansu ya kan ƙi wannan sinadari, zanen ya kumbura ya yi ruwa, siffar fulawar ta zauna a hannu ta zama tabo. Jikin da ya ƙi shi sau ɗaya ba ya mantawa. Abin da ya haɗa wannan da magunguna shi ne, ginin PPD ya yi kama da na benzocaine, wanda ke cikin waɗansu mayukan kashe zafi da a ke shafawa kafin lesa ko cire gashi, ya kuma yi kama da na magungunan salfa. Dakarun jiki kan ɗauki wannan a matsayin wancan. Saboda haka wadda baƙin lalle ya taɓa ƙonawa ya kamata ta gaya wa likita da mai gyara, ko da abin ya shekara goma.

ABIN DA YA KAMATA A YI

A Sa'udiyya akwai hukumar abinci da magunguna da aka kafa cikin 2003, a Nijeriya akwai NAFDAC tun 1993. Hukumomin nan suna iya duba abin da ke cikin kwalba, amma ba su tsaye a ɗakin gyara sa'ad da a ke ɗora halawa a fuska. A wurin nan mutum biyu ne kaɗai, kuma kowannensu yana da nasa aiki.

Aikin mai gyara shi ne ta yi tambaya kafin ta taɓa fata, ta kuma yi ta kowane zuwa, domin wadda ba ta shan kome a watan jiya ta yiwu ta fara a wannan wata. Tambayar ba ta da tsawo: "Hajiya, akwai maganin da ki ke sha, ko man da ki ke shafawa, ko allurar da aka yi miki tun zuwanki na baya?" In ta ga leɓe a tsage, ko fata tana sheƙi kamar leda, ko jijiyoyi a fili, ta dakata ko da an ce mata babu. In abin sabo ne, ta gwada a ɗan wuri ƙarami a ɓoye, ta jira kwana biyu, ga baƙar fata ma har fiye, domin tabonta ba ya fitowa da wuri. In an ambaci maganin da ba ta sani ba, ta mai da mai shi wurin likita ko mai haɗa magani.

Aikin wadda za a yi wa gyara shi ne ta faɗi gaskiya duka. Hanya mafi sauƙi ita ce ta zuba kwalayen magungunanta da kwalaben mayukanta cikin jaka ta tafi da su, har da haɗin da ta saya a kasuwa, da na gargajiya. Kunyar faɗin man bilicin ta minti ɗaya ce. Kada ta daina maganin likita sai da saninsa. In biki ne a gaba, a yi gyara mai ƙarfi da sauran makonni, domin in wani abu ya faru a sami lokacin warkewa. Bayan gyara ta guji rana, ta shafa man kariya daga rana mai tsare UVA. In wuri ya yi bororo, ko ya yi ruwa, ko fuska ta kumbura, asibiti za ta nufa a ranar, kada ta rufe shi da hoda.

Amaryar da aka ba da misalinta, da an tambaye ta, ko da ita ta faɗa, da sai a aske gashin ko a rage shi da almakashi, a bar halawa sai bayan wata shida da gama magani. Kowace shekara sababbin magunguna suna fitowa, dokokin dā ma ana sāke duba su kamar yadda aka yi cikin 2017, saboda haka likita da mai gyara duka ba su gama karatu ba. Tambayar nan guda ɗaya kuwa ba ta tsufa, ko a Malaz ko a Fagge. Matambayi ba ya ɓata.

Iyakar jawabin kimiyya na wannan mako ke nan.